Ƙanwata Marar Zane

Duk wanda ya dubi kumatuna ya san ɗan tsofaffin Katsinawa ne ni. Zanen gidanmu ke nan, ranar suna wanzami yake tsaga shi. Ƙanwata ce kaɗai a zuriyarmu ba a yi mata ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ruma da Babban Duhu, a bakin daji. A zamanin ƙuruciyata ba mu san takamaiman mai mu ba. Jakadan Katsina ya zo ya ce mu talakawan sarkin Fulani ne. Mutanen Maraɗi, jikokin waɗanda suka ƙi bin sabuwar sarauta suka yi arewa, su kuma su aiko cewa ƙasar ta kakanninsu ce. Mu dai noma muke yi a cikin kafi, kowa ya zo mu durƙusa mu gaishe shi. Kusan kowane gida yana da ɗan'uwa a can arewa. Yayan babana ma can yake, kuma ba a ambatonsa gaban baƙo.

Babana mutum ne mai tsoron abin da zai je ya komo. An taɓa tsare shi a kasuwar Batsari, wani dogari ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa, ya ce masu irin wannan zane su ne ke kai wa Maraɗi labari. Da ƙyar dagacinmu ya karɓo shi. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. To da aka haifi ƙanwata, sai ya ce wa wanzami ya yi mata aski kawai, ya mayar da askar zane cikin zabira. Ya ce wani malami ma ya gaya masa tsaga fuska ɓata halitta ne, kuma yana so 'yarsa ta shiga birni ba mai juya mata fuska.

Kakata, uwarsa, ta tashi daga cikin mata ta tsaya a bakin zaure, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

"Ɗiyar da ba ta da zane, in ta ɓace, da mi za a gane ta?"

"Inna, ba za ta ɓace ba," in ji shi.

Kakata ta koma cikin mata. Amma har yarinyar ta yi wayo, in ta ɗauke ta sai ta riƙa shafa kumatunta da babban yatsa, tana tsokanarta da 'yar baƙuwa. Mu ma muka ɗauka. Ƙanwata kuwa ta yi ta dariya, don gani take ta fi mu kyau, kuma gaskiyarta.

Ta kai munzalin kai abinci gona a shekarar da mahara suka faɗo mana. Lokacin girbin gero ne, da hantsi. Babana yana wata gonar, ni da ita da wasu maƙwabta muna ɗaurin damma, sai dawakai suka ɓullo daga cikin karare. Aka haɗa mu aka ɗaure, aka kora cikin daji. Da muka yi nisa suka tsaya bakin wani rafi, babbansu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duban fuska. Zanen da ke kumatunsa irin nawa ne sak. Duk mai irinsa sai ya ce a kwance shi, nasu ne, ba a bautar da jini. Har ya tambaye ni gidanmu, na faɗi sunan yayan babana, ya ce ya san shi.

Da ya iso kan ƙanwata ya dube ta ya wuce.

Na ce masa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rantse. Maƙwabtanmu suka shaida. Ya ce kowa haka yake cewa in yana son ya fitar da ɗiyar Fulani ko baiwar gidansu. Ya kama haɓarta ya juya ta dama da hagu, kamar yadda aka yi wa babana a Batsari.

"In taku ta, ina shaida?"

Tana kiran "Yaya" aka ɗora ta bayan doki. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma ba mutumin nan kaɗai nake jin haushi ba. Katsina ta tsorata babana saboda zanen da ke fuskarsa, Maraɗi ta ɗauke 'yarsa saboda babu shi a tata, alhali harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya.

Babana ya bi sawu har arewa, ya sami yayansa. Suka nema tare, aka ce an riga an raba ganima, an wuce da wasu gaba. Ya dawo ya tsufa a damina guda. Kakata ba ta taɓa ce masa ai ta faɗa ba, har ta rasu.

Na girma na shiga fatauci, rabin dalilin kuwa ita ce. Duk zangon da na sauka sai na yi cigiya. Mutane suna da kirki, sukan matso su zauna, su ce in kwatanta ta. Tambayarsu ta farko kullum ɗaya ce: wane zane ne da ita? Sai in ce ba ta da ko ɗaya. Daga nan sai su ce Allah ya bayyana ta.