Ruwan da Taubashina Ya Sha a Masar

A lokacin ni wanzami ne a Kademi, ina yawo da zabirata har kasuwar Gaya. Askata ba ta fi ta kowa kaifi ba, bakina ne ke jawo mini mutane. In na ga kare ya kori akuya da safe, kafin azahar ya zama kura ta kori raƙuma bakwai. Har mai sanƙo kan zauna a gabana, don dai ya yi dariya.

Ina da taubashi, ɗan goggona, wanda ya tafi Makka a ƙasa ya yi shekara tara. Ya dawo a rame, har na tambaye shi ko raƙumin ne ya hau shi. Ina masa aski ya ba ni labari, mu biyu. Ya ce a Masar ya ga Nasara sun shigo da jiragen ruwa da igwa, wai gyara suka zo yi, amma sarkin ƙasar ko tari ba ya yi sai da izininsu. A hanyar dawowa kuma ya ratsa ƙasar masu cewa Mahadi ya bayyana, ya ga an yanka mai salla don kawai ya ce bai gamsu ba tukuna. Ya ce duka biyun masifa ce. Ya kuma ce ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a bakin hanya, wani sojan Nasara ya ba shi ruwa ya sha.

Shekarar nan wani baƙon mai wa'azi ya sauka garinmu, samari na sayar da gonaki don su bi shi hijira gabas. Ya hana kiɗa, ya hana taba, ya ce wasan taubasai ma bidi'a ne. Ni kuwa ban ɗauka da gaske ba, tunda kakanninmu sun yi. Ranar kasuwar Gaya taubashin nawa, Alhaji, ya zo wucewa, na ɗaga murya na ce a ba surukin Nasara hanya, wanda ya ci tuwonsu, ya sa hularsu, suka ba shi mata huɗu, ya dawo yana ƙaryata Mahadi. Ya yi dariya ya ce a rabu da mahaukacin da bai taɓa wuce Gaya ba. Ashe kan da ke ƙarƙashin askata na ɗalibin mai wa'azin ne.

Ranar Juma'a bayan salla aka tara mu. Mai wa'azin ya ajiye bulala a kan buzunsa, ya ce in faɗa, maganar da na yi a kasuwa gaskiya ce ko ƙazafi, in ƙazafi ne kuwa bulala tamanin. Dattawan da ke wurin duk sun san wasa ne, kowa da taubashinsa, amma suka sunkuyar da kai. Alhaji ya ce ruwa dai ya sha, abin da idonsa ya gani kuma ba zai janye ba, na Nasara ko na wancan ɓangaren. Ya juyo ya ce taubashi, gaya musu halinka ne. Na dubi bulalar, na ce gaskiya ce.

Aka ce kada a gaishe shi, kada a yi sahu da shi. Geronsa ya nuna, ya kira gayya ba wanda ya je, daga baya aka ƙone masa rumbu. Ya kwashi iyalinsa ya koma Toranke. Kullum ina cewa gobe zan je, har damina biyu. Ranar da na je, an yi kwana shida da binne shi. Matarsa ta ce tun da suka zo bai yarda kowa ya taɓa kansa ba, suma har kafaɗa, yana cewa wanzaminsa na nan tafe.

Samarin da suka tafi gabas, uku na ga sun dawo, labarin Alhaji suka maimaita. Ku masu baki irin nawa, in kun ga an fara hana dariya a gari, ku san maganarku ta zama makami a hannun wani. In kuma an tsayar da mai faɗin abin da ya gani, kada ku sunkuyar da kai. Da bulala tamanin ɗin na sha, da yanzu ta warke. Har yau ina ba da dariya a kasuwa, amma in na zo kan mai suma da yawa, Alhaji nake gani zaune a gabana.