Ranar da Na Yanke Famfon Gidan Burodi

Shekarata biyu da fara aikin famfo a ofishin ruwa na Sakkwato aka kawo doka cewa masu sana'a sun daina biyan kuɗin ruwa irin na gidaje. Zamanin kuɗin fetur ne, ana ta shimfiɗa bututu a unguwanni, soja ke mulki. Aka ninka wa masu burodi da masu wanki da majema kuɗi, aka ce duk wanda ya ƙi biya a yanke masa. Da aka kori ma'aikatanmu da jifa sau biyu, sai aka riƙa haɗa mu da soja.

Wata Talata da hantsi aka tura ni da soja biyu Ƙofar Dundaye, wurin wani mai burodi, aminin mahaifina, Baba nake ce masa. Muka iske shi a bakin tanda. Na durƙusa na gaishe shi da sifana a hannuna. Ya ce famfon nan guda ne, da shi ake kwaɓa fulawa, shi iyalinsa ke sha, matan maƙwabta ma nan suke ɗiba, ta ina ya zama na kasuwa?

Kofur ɗin da ya rako ni bai bari ya ƙarasa ba, ya ce in yi aikina. Baba ya tako ya tsaya a kan bututun, ya dube ni.

"Ɗana, kai anka aiko?"

Kofur ya zare bel ya zabga masa a fuska. Ƙarfen ya tsaga masa gira, jini ya wanke gemunsa, ya sake zabga masa har ya faɗi. Babban ɗansa, magidanci ne ƙaƙƙarfa, ya zaro itace daga tanda ya kai wa kofur duka. Kofur ya goce, itacen ya sauka a bakina. Na tofar da haƙora biyu. Soja na biyu ya buga wa ɗan Baba gindin bindiga a ƙeya, suka taru a kansa da takalma, mata na kururuwa daga cikin gida, har ya daina motsi.

Kofur ya ɗora mini bakin bindiga a wuya ya ce in yanke. Na yanke. Burodin da ke cikin tanda ya ƙone, ba wanda ya kula.

Ɗan ya yi makonni a bariki, ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji. Baba ya sayar da wurin ya koma Wamakko yana noman albasa. Mahaifina ya yi wata uku bai amsa gaisuwata ba. Ban bar aikin ba, matata na da ciki a lokacin.

Bayan damina na je Wamakko neman gafara. Baba ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi lafiyar bakina, ya sa aka kawo fura. Ɗan nasa yana zaune a gefe. Da na miƙa masa hannu, sai ya tashi ya ɗauki fartanyarsa ya nufi fadama.