Muryar Manu a Akwatin Sada

Duk wanda ya ci kasuwar Funtuwa a shekarun da aka fara rabon takin zamani ya san Sada Mai Lasifika, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shi ke cigiyar akuyar da ta ɓata, shi ke sanar da ranar awon auduga, shi ake kira wurin biki daga Mahuta har Malumfashi. Mutum ne mai tsari har abin ya yi yawa. Sada zai tsayar da babur a tsakiyar hanya don ya gyara ɗaurin igiyar da ba ta kwance ba. Abokansa kan ce da za a ba shi garin Funtuwa, da ya naɗe shi ya sa a aljihu don kada ya yi datti.

Kayan sana'arsa huɗu ne: rikoda, batirin mota, injin ƙara sauti, sai lasifika mai bakin kakaki. Kowanne da igiyarsa a bayan babur. Akwai kuma na biyar wanda ba na sana'a ba, wani kaset guda da kullum yake cikin aljihun ƙirjinsa.

Yayansa Manu ne ya aiko da shi daga Jidda a hannun wani alhaji, shekarar 1979. Manu ya tafi leburancin gini, bai iya rubutu ba, sai ya zauna ya yi wa mahaifiyarsu hira ta rabin awa. Ya gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, ya yi tari, ya yi dariya, ya tambayi ko tsamiyar ƙofar gida na nan. Bayan wata bakwai labarin rasuwarsa ya iso. Ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta, sai wannan murya.

Mahaifiyarsu, wadda kowa a Maska ke kira Tsohuwa, ita ta damƙa wa Sada kaset ɗin. Ɗakinta na yoyo, ga ɓeraye, ga idonta ya fara tafiya. Kowace Juma'a bayan masallaci Sada kan hau babur ya je ya kunna mata. Ba ta taɓa kiran sunan Manu ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Kunna mini mutumin Jidda." Tajudeen mai gyaran rediyo, Bayarbe haifaffen Funtuwa kuma aminin Sada, ya sha cewa ya kawo a juya a wani kaset. Sada ya ce shi amanar Inna ba ta kwana a shagon kowa.

Damina ta uku da zuwan kaset ɗin, ruwa ya tare shi a hanyar Maska, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Kaset bai yi komai ba, amma hankalin Sada ya tashi. Ya zana akwati da hannunsa, ya tsaya a kan kafinta kwana huɗu har da yi masa gyaran kusa. Akwati ya fito gwanin sha'awa: gurbin batir, gurbin rikoda, waya duk a ɓoye, ka buɗe murfi ka danna kawai. A can ciki, a jikin gindin lasifika inda ko ambaliya aka yi ruwa ba zai kai ba, ya sa aka yi ɗan aljihu aka shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi. Nan ya kwantar da Manu.

Juma'ar farko Tsohuwa ta karkata kunne ta ce, "Yau mura yake yi?"

Murya ta dushe, kamar mai magana da baki a cikin tulu. Sada ya koma gida ya goge kan rikoda da auduga, ya kai batir caji. Juma'a ta biyu dariyar Manu ta ɓace, wurin gaisuwar dangi sai shuu. Ya zazzage kayan a kan tabarma, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sabon kaset ya ɗauki tasa muryar, ta fito tangaran. Ya ce to girgizar hanya ce, sai ya ƙara wa aljihun nan ƙyalle, ya matse kaset biyun ciki sosai don kada su motsa. Allah sarki, da hannunsa ya ƙara manna shi.

Da ya dawo daga kasuwar Mahuta ya kunna sabon, ya ji tasa muryar ma ta dushe. A nan ne ya ajiye girman kai ya nufi shagon Tajudeen.

"Mi ka canja?" in ji Tajudeen.

"Ban canja komi ba. Na dai haɗa su wuri guda."

"To ai ka canja ke nan, Malam Sada."

Tajudeen ya fara fitar da kaya ɗaya ɗaya yana gwadawa. Rikoda lafiya, batir lafiya, inji ras. Ya zura hannu zai kwance lasifika, sai sukudireba ta fizge daga yatsunsa ta manne a jikin ɗan aljihun nan, ƙas. Ya ɓamɓare ta, ya sake ta, ta sake mannewa.

"Mi kake ajewa a nan?"

Sada ya zaro kaset ɗin Manu ya miƙa masa.

"Mayen ƙarfe ne a gindin kowace lasifika, kai ma ka sani. Abin da ba ka sani ba, shi ke shanye abin da ke kan zaren kaset. Kwana nawa ya yi a ciki?"

"Sati uku. Ana iya maido muryar?"

Tajudeen ya gwada a rikoda uku, ya ƙure sauti, ya manna kunne. Babu komai sai shuu. Ya ce, "Wallahi da ana iyawa, da na kwana ina yi." Sada ya zauna a kan benci, babban mutum da gemunsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da labarin Jidda ya zo. Waccan mutuwa ta Allah ce shi kaɗai. Wannan kuwa shi ya zana ta a takarda, ya tsaya a kan kafinta.

Juma'a ta zo. Ya bar akwatin a gida, ya rataya rikoda a kafaɗa, kaset a aljihun ƙirji kamar da. Ya durƙusa gaban Tsohuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai ɗora wa kafinta ba. Ta saurare shi tana murza carbi.

"Kunna mini," ta ce.

"Inna, babu komi a ciki."

"Na ce ka kunna."

Ya danna. Shuu ɗin ya cika ɗaki. Tsohuwa ta gyara zama, ta karkata kunnen da ta saba karkatawa. Can ta ce, "Wa alaikumus salamu." Jim kaɗan, daidai wurin gaisuwar dangi, ta ce, "Nan yake gaida Hajo." Ta jira, ta yi ɗan murmushi daidai inda dariyar take, ta amsa cewa tsamiya na nan. Shekara uku tana sauraro, ko tarin ba ta tsallake ba.

Sada ya kasa jurewa, ya yunƙura zai fita. Ta kama bakin rigarsa.

"Zauna, saura naka. Ga shi nan yana cewa, Sada, na bar maka Inna, na san abin da ya shiga hannunka ba ya lalacewa."

Zaren ya ci gaba da juyawa. Ta ce, "To ka amsa mashi mana, yana jiranka."