Kwandon Cittar da Ban Tsaga Ba

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan manta da Kirsimetin shekarar da citta ta ruɓe mana a gona ba.

Babana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kafanchan, kuma irin da yake shukawa a hannun mahaifinsa ya gaje shi. In ya fara ba ka labarin irin nan, sai ka nemi kujera. A daminar shekarar wata cuta ta shigo, ganye ya bushe tun lokaci bai yi ba, in ka tona ƙasa sai wari. Duk faɗin gonar, abin da ya tsira bai wuce kwando ɗaya ba.

Na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa a Zonkwa ana jibi Kirsimeti, na tarar Baba ya rame, ko tsokanar Mama ya daina. Washegari da safe ya turo mini kwandon da ƙafa, ya ce in tsaga cittar in shanya, shi da noman citta sun yi hannun riga. To, duk wanda ya tashi a wajenmu ya san in aka tsaga citta ta sha rana, ta tashi daga iri, sai dai a daka a zuba a kunu. Amma wa ya isa ya yi musu da Baba? Na ɗauko wuƙa.

Mama ce ta leƙo daga kicin ta ce ga shinkafa ba a tsince ba, ga kaji ba a fige ba, hannu nawa gare ta? A bari sai bayan biki. Baba ya yi tsaki ya fita. Sai daga baya na gane lokaci take nema masa.

Ranar Kirsimeti da ƙyar ta ja shi coci. Zumuntar mata na ta buga tulu ana rawa, shi kuwa ya bar kujerarsa ta dattawa ya koma can baya ya sunkuyar da kai. Fastonmu tsoho ne, shi ma cittarsa ta ruɓe, kuma bai yi mana alkawarin baɗi za a samu ba. Ya dai tuna mana cewa mutanen Allah sun yi ɗaruruwan shekaru suna jiran Almasihu. An ci su da yaƙi, an kwashe su bauta, da yawa sun mutu ba su gan shi ba, amma kowane uba sai ya damƙa wa ɗansa alkawarin kafin ya tafi. Ranar da lokaci ya cika, aka haifi Yesu. Na waiga, na ga Baba ya ɗago kai.

Muna komawa gida, ko abinci bai taɓa ba ya ce in kawo kwandon. Ni da rashin ganewa sai na haɗo da wuƙar.

"Mai da wuƙar nan, Malama," in ji shi. "Waɗancan sun riƙe alkawari shekaru ɗaruruwa. Ni damina ɗaya ce za ta sa in yanka abin da ubana ya bar mini?"

Da kayan coci a jikinsa ya zube cittar a inuwar mangwaro, ya lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa yadda ake ajiye iri. Mama ta tsaya riƙe da ludayi tana share hawaye, ni ma na kasa ɓoye nawa.

Da ruwa ya sauka ya shuka. Ba duka ta fito ba, wajen rabi ne, amma jikar wannan rabin ce yau ƙanena yake nomawa, ko da yake Baba ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da na koya shi ne, Allahn da ya cika alkawarin aiko Almasihu ba mai mantuwa ba ne. Shi ya sa duk ranar da abu ya tsananta mini har na ji kamar in yanke ƙauna, sai in ji muryar Baba yana ce mini in mai da wuƙar.