Judith, Mai Kiwon Ƙwayoyin Ciwon Daji

Kowace safiya Madam Judith takan sauka daga keke a ƙofar ɗakin gwajin da take aiki a unguwar Barnawa, ta wanke hannu har gwiwa, ta buɗe akwatin ɗumi ta duba 'yan kwalabenta kafin ta gaida kowa. A cikinsu akwai ƙwayoyin ciwon daji na kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, kuma aikinta shi ne raya su. Idan ruwan abincinsu ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa, ta san sun cinye, sai ta sake musu. Haka take yi har furfura ta cim mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma na san garin nan: ba mai buga mata ganga.

Ta dalilin matata na san ta. Fiddausi ta daɗe tana zazzaɓi, tana jiƙe zani da gumi, tana susa har fata ta yi jini. Mai kemis ya ce taifot. Dangina, masana komai, suka ce sammu. Da aka cire kaluluwar wuyanta, da bakinta ta yarda a ba masu bincike wani yanki. "Su gano mai sa ƙaiƙayin nan," in ji ta, "ko don na baya." Allah Ya jiƙanta, ba ta jira amsa ba.

Ƙwayoyin suka rayu a hannun Judith. Wata ranar damina taransifoma ta ƙone, janareta ya ƙi tashi. Ƙwayoyin nan ɗumin jikin mutum suke so. In suka huce sun tafi, kuma babu inda za a samo wasu. Dalhatu, direban wurin aikinta, ne ya ba ni labari. A cewarsa, sai ta toshe kwalaben, ta jera su a kan cikinta, ta ja zani ta ɗaure tamau.

Ta ce masa, "Ta da mota, unguwar Television za mu. Akwai wuta a ɗakin gwajin ƙawata."

"Madam, ciki kuma a shekarun nan?"

"Ka dai kauce wa ramuka, kada ka sa ni naƙuda a titi."

Ƙwayoyin sun isa da ransu. Daga ruwan da suke kwance a ciki aka ci gaba da auna saitokin, sinadaran da ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo da su, waɗanda ake dangantawa da zazzaɓin, da gumin, da ƙaiƙayin. Ashe mai sammun a wuyan Fiddausi yake zaune.

Da na ji labarin, ban yi godiya ba. Na same ta na ce, "Abin da ya kashe mini mata kike runguma?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, in suka mutu, wa za mu tambaya?"

Ke ce, Judith, 'yar unguwar Trikania mai hannun raino. Ke ce kika riƙe alƙawarin da ba a gabanki aka ɗauka ba. A zamaninku ana kama aiki kamar an haife shi. Yanzu sai a tashi a bar shi a kan tebur saboda hadari ya haɗo.

Na gode, ko da na makara. Allah Ya ba ki hutu mai lafiya. Ku kuma da za ku gaji akwatin nan, ku yi koyi da ita. Ba a gama tambayar ba, kuma matar da ta yi ta ba za ta dawo ta ba ku wani yankin ba.