Darmaji Mai Ƙirga Tabon Rana

Darmaji bai taɓa ɓoye cewa ya fi son tattabarunsa a kan 'ya'yansa ba. Ko a gaban matarsa Tumirah yakan faɗa, wai ita tattabara in ka sake ta gida take dawowa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar duba rana da ke kan tudun ƙauyensu, a gabashin Jawa. Kullum da hantsi zai saita madubin hangen nesa, hoton rana ya faɗo kan farar takarda, ya bi baƙaƙen tabon fuskarta da fensir, ya ƙirga, ya buga waya birni. In tabo ya girma ya yi aman wuta, bayan kwana biyu ko uku allurar kamfas takan kama rawa, rediyon masunta ya cika da shuu. Manyan birni layin lantarki suke jiye wa. Shi kuwa Darmaji ya yi imani a irin ranar tattabara ma kai ke juya mata, don haka ba ya sakin tasa. Aka ce boka gare shi. Bai musa ba, ya ce bokan nasa na fitowa kowace safiya.

Bakinsa ba linzami, amma akwai mutum ɗaya da ba ya iya ce wa a'a: surukinsa Mbah Karso, wanda ke lissafa kwanakin kasuwa ya zaɓa wa ƙauye ranar sa'a. Wata shekara tsohon ya sa ranar babban tseren tattabaru, Darmaji kuwa ya ga tabon da bai taɓa zana irinsa ba. Ya je ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, yana yabon shayi.

"Ɗana, ranar da na zaɓa ce ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Baba."

Haka aka ɗora Gundul, zakaran tattabarunsa, a babur aka yi nesa da shi. Al'adar ita ce mai tsuntsu ya tsaya a fili riƙe da macen, yana kaɗa ta sama, namijin ya hango matarsa ya sauko. Darmaji ya yi ta kaɗawa har magariba. Cikin tattabaru arba'in da aka saki, tara suka dawo, babu Gundul a ciki. Mbah Karso ya ce laifin masu babur ne.

Kwana takwas yana fita fili. Tumirah ta ce ko ranar da ɗansu ya ɓata a kasuwa bai yi wannan tsayuwar ba. A kwana na tara Gundul ya sauka kan rufi, a rame, da wata baƙuwar mace a gefensa.

"Ka gani? Shi ma namiji ne," in ji Tumirah.

Yanzu na'ura ke ƙirgar, takardunsa na cikin kwali. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ji abokansa na shirin sakin tattabarunsa ranar jana'izarsa don girmamawa. Ya sa aka kira su.

"Ni ku rufe ni duk ranar da ta samu," ya ce. "Amma kafin ku buɗe keji, don Allah wani ya hau tudu ya tambayo labarin tabon rana."