Madubin da Aka Ara

Da gangan ya yi, ko mantuwa ce? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya a raina, ban samu amsa ba. 'Yata ce take rubuta wannan, don ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta ko kalma ɗaya, in ta ga kuka ya zo mini ta jira ni.

Maigidana ɗan gidan maharba ne daga ƙasar Zazzau. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa daji da bindigar toka. Da muka zo Landan ya kama tuƙin bas, ya yi shekaru yana yi, ni kuma ina gida a flat ɗinmu na gidan bene a unguwar Thamesmead, hawa na huɗu, ina rainon yara. Wani Bature abokin aikinsa ne ya ji labarin farautarsa, ya kai shi wata gona a Kent, can wajen Landan, inda barewa suke cinye wa manomi shuka. Aka yi cike-ciken takardu, 'yan sanda suka zo suka duba akwatin ƙarfen ajiye bindiga da ya kafe a bango, suka ba shi lasisi. Daga nan duk Asabar ta lokacin farauta, ana idar da sallar asuba zai fita. In ya harba sai ya ruga ya yanka da bisimilla. Ya dawo da nama, ni in raba: cinya gidan wane, haƙarƙari gidan wance. Babu gidan Bahaushe daga Abbey Wood zuwa Woolwich da bai ci kilishina na barewa ba.

Da ya yi ritaya ido ya fara rauni. Yaran suka haɗa kai suka sayo masa madubin bindiga irin na zamani. Akwai zobe a jikinsa, in ka murɗa sai abin da ke nesa ya matso har ka ga gashin kunnen dabba, in ka mayar ya koma. In ka danna maɓalli, shi da kansa zai auna nisan, ya yi lissafin yadda harsashi zai sauka, ya kunna maka jan ɗigo inda za ka ɗora. Amma sai an gaya masa irin bindigarka da irin harsashinka, ta waya ake shigar masa. Ranar farko maigida ya yi dariya ya ce, "Hajiya, bindiga ta shiga makaranta ta bar ni." Bayan wata guda ko ƙura ba ya bari ta hau shi. Ya taɓa ɗora mini shi a ido ta taga, babu bindiga, na ga tantabara a kan bene na can ƙetare kamar in miƙa hannu in kama.

Yana da amini, Bakano, mazaunin Woolwich. Ba zan faɗi sunansa ba, duk wanda ya san mu ya san shi. Maigida ne ya koya masa harbi, shi ya tsaya masa ya samu lasisi, shi ya roƙi manomin ya bar shi ya riƙa biyo shi. Kullum cikin tsiya suke.

"Bakano, kai da ka saba harbin kasuwa, me ya kai ka daji?"

"Bazazzagi, ba don gilashin nan ba ai ko saniya ba ka gani."

"Saniyar da na gani ita ce ta koya maka riƙe bindiga."

Sai su kwashe da dariya, ni ina kicin ina zuba musu tuwo.

Wata rana Bakano ya zo aron madubin. Ya ce an gayyace shi harbi wani wuri, yana so ya gwada a tasa bindigar. Na ga fuskar maigida, ba ya so. Amma a wurinmu amini ba ya roƙon abu a hana shi. Ya kwance ya ba shi. Bayan mako biyu ya dawo da shi, ana gobe za su gona, shi da kansa ya ɗaura masa a bindiga a falona, ina tsaye da faranti. Da kunnena na ji ya ce, "Na mayar maka da komai yadda yake, wallahi."

Abin da ya faru a gona, maigida ne ya ba ni labari. Akwai wani allo a bayan rumbun manomin, duk wanda ya taɓa madubinsa sai ya harba biyu ko uku a allon ya tabbatar saiti yana nan kafin ya shiga cikin itatuwa. Manomin ya nuna masa allon. Bakano yana tsaye a gefe. Mutum ya rantse maka da Allah, kai kuma ka gwada a gabansa, gaban Bature? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Maigida ya ce ba sai ya gwada ba.

Barewar tana tsaye a fili, ta ba shi gefe. Ya auna, jan ɗigo ya fito, ya ɗora a bayan kafaɗa inda ya saba, ya ja kunama. Harsashin ya sauka ƙasa, ya karya mata ƙafar gaba. Ta shige ƙaya tana jan jiki. Tun safe suke nemanta da kare har bayan azahar, da suka same ta da sauran rai tana numfashi, ɗan manomin ne ya ƙarasa ta. Manomin bai yi faɗa ba. Ya dafa shi ya ce wataƙila lokacin hutu ya yi. A mota Bakano ya ce, "Tsufa ne, Bazazzagi. Kowa zai je."

Maigida ya shigo gida bai ce a kawo abinci ba. Ya zauna da takalminsa a ƙafa ya ce, "Hajiya, tun da nake ban taɓa barin dabba tana wahala ba. Mahaifina da ya gani da ya karɓe bindigar." A makon ya mayar da lasisi, ya miƙa bindiga. Madubin kawai ya bari, don kyautar 'ya'yansa ce, ya sa a kwali a saman kabad. Bai ƙara cin naman barewa ba. Bakano ya ci gaba da zuwa gonar shi kaɗai, har yana aiko mana da cinya, ni kuma, wautata, ina karɓa ina godiya.

Shekara ɗaya da 'yan watanni maigida ya yi bayan haka, ya rasu. Likita ya ce zuciya ce. Ni da nake kwana da tashi da shi na san ranar da ya fara mutuwa.

Bakano ya fi kowa kuka a maƙabarta, haka aka gaya mini. Da na fita takaba, matar Bakano ta zo gaishe ni. Muna zaune ta kama hannuna ta ce, "Yaya, akwai abin da ya hana ni barci. Ranar nan da suka dawo daga gona, ya shigo yana salati, ya ce bai mayar da saitin ba. Na ce ya je ya faɗa, ya ce in na buɗe baki a bakin aurena."

Ban yi kuka a gabanta ba. Da ta tafi na kira 'yata, ta sauko da kwalin, ta yi wa madubin caji, ta kunna wayar babanta ta haɗa su. Ta nuna mini, ko da yake ban iya karatu ba: layi biyu ne, ɗaya bindigar babanta, ɗaya ta Bakano mai harsashi mai gudu. Na Bakano ne a kunne. Da lissafin harsashin Bakano madubin ya kunna masa ɗigon, shi ya sa nasa ya sauka ƙasa. Idon maigidana lafiyarsa ƙalau. Hannunsa bai yi rawa ba. Inda aka nuna masa nan ya ɗora.

Na ce ta kai ni Kent. Muka hau jirgin ƙasa a Abbey Wood, muka sauya, muka ɗauki tasi. Ni da ban taɓa taka gonar ba, na tsaya gaban manomin da hijabina, 'yata tana fassara. Ya karɓi wayar ya duba ya daɗe, fuskarsa ta yi ja. Ya cire hularsa. Daga ranar Bakano bai ƙara shiga gonar ba, kuma manoman wajen duk sun san juna.

Bai ishe ni ba. Bara da Bakano zai tafi Umara ya bi gidaje neman gafara kamar yadda ake yi. Ya zo nawa da dattawa biyu. Na ba su ruwa, na ajiye madubin a kan tebur.

"Hajiya, in akwai abin da na yi miki, ki yafe ni."

"Ni ba ka yi mini komai ba, Alhaji. Wanda ka yi wa yana ƙasa. Ka je ka tashe shi."

Ɗaya dattijon ya ce, "Haba Hajiya, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe."

Na ce, "To ya faɗa a gabanku abin da ya yi."

Bakano ya dubi madubin, ya dubi ƙasa. Ya ce mantuwa ce. Na ce mantuwar rana ɗaya na ji, shekara guda da yake zuwa duba shi yana kwance fa, yana ci masa tuwo, yana kiransa makaho da wasa? Na tashi na buɗe musu ƙofa. Malamai sun yi mini wa'azi, yarana sun roƙe ni. Ban yafe ba, kuma ina so ya ji daga wannan takarda cewa ranar da za a tsaya, ina nan a bayan mijina da kwalin a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, maigidana bai san gaskiya ba ya tafi. A asibiti ne, da hantsi, ina shafa masa man zafi a ƙafa. Ya buɗe ido ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, madubin nan ki ba Bakano. Shi idonsa da saura. Ki ce masa na gode da bai yi mini dariya ba."